Silifa a Ƙofar Hawa na Biyar

Ranar Alhamis ce a watan Sha'aban, da misalin ƙarfe tara da rabi na safe, a cikin shekarun tamanin. Wurin kuwa zauren shiga wani dogon bene ne a Khartum. Waɗanda ke nan su ne mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a kan kujerar ƙarfe. Yayana, mai gyaran wutar mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai. Mai gadin benen, wanda aka karɓe wa kujerar. Sai ni, da na nemi hutun yini daga aikina na karanta labarai da Hausa a rediyo. Sunan 'yar ƙanwata ne ya tara mu. Abin da muke jira kuma lifta ce.

Ƙanwar tawa ita ce autarmu. Aiki aka yi mata aka ciro jaririyar, likita ya ce ta zauna kusa da asibiti, don haka ba ta zo gida Umdurman jego ba kamar yadda aka saba. Gidan mijinta yana hawa na biyar. Inna kuma zuciyarta ta gaji. Matar da ta yi ƙuruciyarta tana tsinkar auduga a Jazira daga asuba har rana ta take, yanzu in ta haye tsakar gida sai ta dafa bango ta huta, kuma likitanta ya hana ta matakala, bai bar wata kafa ba. Tun da aka yi haihuwar ba ta sa 'yarta a ido ba. A cikin tasi, muna kan gada, ta gaya mana cewa ita ba suna ya kawo ta ba, raɗin suna aikin maza ne a rumfar da aka kafa a titi. Tana so ta hau ta ga idon auta, ta taɓa goshinta, ta san ko gaskiya ake gaya mata.

Na danna maɓallin kira. Fitilar da ke saman ƙofa ta nuna biyar, ta kuma ci gaba da nuna biyar.

Ya kamata in bayyana yadda ƙofofin wannan lifta suke, wadda mu a can asansir muke ce mata, domin duk abin da ya faru daga nan ya taso. Iri biyu ne. Akwai ta ciki, a jikin akwatin da ake shiga, tana tafiya da shi sama da ƙasa. Ita da kanta take rufewa, kuma a bakinta akwai roba wadda in ta taɓa hannu ko kafaɗa sai ƙofar ta ja da baya. Akwai kuma ta waje, ɗaya a kowane hawa, irin ta ɗaki, mai siririn gilashi a tsakiya. Da hannu ake jawo ta, in an saki ta koma da kanta. Abin da ke bayan ta wajen nan rami ne, daga rufin bene har ƙasa. Shi ya sa kowacce tana da sakata a ɓoye, wadda ba ta sakin ƙofar sai akwatin ya zo ya tsaya daidai bayanta. Sannan wutar da ke ba inji izinin tashi sai ta bi ta cikin ƙofofin nan duka, ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwa a magudanar gonakin Jazira: a toshe wuri guda, na gaba duk su bushe. In ƙofa ɗaya ba ta rufu ba, ko a wane hawa take, akwatin ba zai motsa ba.

Wanda ya tsara wannan ya yi tunanin yaro mai ƙiriniya, ya yi tunanin makaho, ya yi tunanin mai gaggawa. Bai yi tunanin mutanenmu ba, waɗanda in sun yi sallama a cikin ɗaki to share fage suka yi, hirar gaske sai a bakin ƙofa.

Na ce wa Yaya ya tsaya da Inna, na bi matakala.

A hawa na biyar na tarar da akwatin a tsaye, fitila a kunne, babu kowa a ciki. A bakinsa dattawa biyu ne. Ɗaya Kawu, wan Inna, ya tokare ƙofar waje da sandarsa. Ɗayan Alhaji, mahaifin mijin ƙanwata, haifaffen Umdurman, mutum mai jiki. Sun hau ne su yi wa jaririya addu'a, yanzu za su sauka rumfa.

Alhaji yana cewa, "Bismillah, kai ne baƙo."

Kawu ya ce, "Wane baƙo? Kai ka riga ni zuwa Makka. Wallahi ba na shiga gabanka."

"Ka girme ni."

"Da me? Da ciwon baya?"

Na gaishe su, kowanne ya amsa a tsanake, Alhaji ya tambaye ni aiki da gajiya da mutanen gida. Sannan na ce, "Kawu, Inna na ƙasa tana jiran lifta."

Ya ce, "To ai shi ya sa nake ta cewa Alhaji ya shiga."

Nan Alhaji ya yi abin da 'yan gari suke yi in baƙo ya ƙi abinci: ya rantse da sakin matarsa cewa ba zai riga Kawu shiga ba. Kawu kuwa tuni ya riga ya ce wallahi. Kowanne ya kulle kansa ya jefar da makulli. Na ba da shawarar su shiga tare, kafaɗa da kafaɗa. Muka dubi faɗin ƙofar, muka dubi Alhaji, shawarar ta mutu. Daga ƙarshe Kawu ya ce ai tafiya a ƙasa ma lafiya ce, ya zare sandarsa, suka nufi matakala. Ina shiga akwatin na jiyo su sun fara sabuwar jayayya a kan wanda zai fara sauka.

Na iso ƙasa da lifta kamar wanda ya kamo doki. Na tura ƙofa na riƙe, na ce, "Inna, taso."

Ba ta taso ba. A ɗan lokacin da na yi a sama wata tsohuwa ta iso, maƙwabciyarta tun zaman Jazira, rabonsu da juna tun kafin a haifi auta. Sun rungume juna suna bubbuga kafaɗa. Suka ɗaga hannu suka yi fatiha ga mijin wannan, suka sake ɗagawa ga mijin waccan, sannan aka shiga lissafin 'ya'ya da jikoki, kowa sai an tambaye shi da sunansa. Yaya yana tsaye yana kallon rufi. Ni ina riƙe da ƙofa. Sai aka fara bugun ƙarfe daga sama, yana saukowa ta cikin ramin: haka masu jira suke sanar da wanda ya riƙe ƙofa cewa sun san da shi.

Inna ta juyo ta ce, "Saki ƙofar mutane. Ba ka ji ana bugawa?"

"Inna, in na saki tafiya za ta yi."

"Ta tafi ta dawo. Ni zan katse gaisuwa saboda akwati?"

Na saki. Ƙofar ta koma, sakata ta faɗa, akwatin ya tashi. Fitila ta bi lambobi har biyar ta tsaya. Da tsohuwar ta wuce, Inna ta gyara mayafinta ta ce ta shirya. Na danna. Yaya ya danna. Mai gadi ya zo ya danna da babban yatsa, kamar nasa ya fi namu ƙarfi. Duk wanda ya shigo zauren sai ya danna kafin ya haƙura ya bi matakala. Gumi ya fara tsattsafowa a goshin Inna, kuma na lura ta daina magana, wanda ba halinta ba ne.

Na sake hawa.

Wannan karon ba sanda ba ce. Silifa ce ta roba, shuɗiya, an cusa ta a ƙarƙashin ƙofar waje don kada ta koma. A cikin akwatin an jera manyan farantai na tuwo da nama, na karin kumallon maza. Mai wannan shiri ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda babu biki ko suna a danginmu da ba ita ke riƙe da ludayi ba. Ƙafarta ɗaya ba takalmi.

Na ce, "Gwaggo, a sauke waɗannan, a bar Inna ta hau."

"Miya ba ta gama ba. Ba a sauke abinci rabi-rabi."

"To a bar lifta ta je ta dawo kafin miyar."

"In ta tafi wa zai dawo mini da ita? Ɗazu dattawa suka riƙe ta, sannan wani marar kunya ya riƙe ta a ƙasa, sai da na yi ta bugu."

Ban ce ni ne ba. Na sunkuya zan zare silifar, ta make mini hannu.

Ta ce, "Kai mai labarai, nan ba rediyo ba ne da za ka yi magana kowa ya yi shiru. Ka ce wa uwarka ta yi haƙuri, yanzun nan."

Muna cikin haka sai ga yayana ya wuce ta bayana, bai tsaya ba, ya ci gaba da hawa. Mai gadi na biye da shi da makulli a hannu, fuskarsa ba daɗi. Daga baya na ji cewa Yaya ya yi masa rantsuwa ne shi ma. Na bi su zuwa ɗakin inji a kan rufi.

Ɗaki ne ƙarami mai zafi kamar tanda. Ga babban gargare da igiyoyin ƙarfe suka bi ta kansa, ga akwatin wuta a bango. Yaya ya buɗe akwatin wutar ya tsaya yana bin wayoyi da ido. Ba ya rabo da guntun waya da sukuddireba a aljihun jallabiyarsa, ko ranar Idi. Ba zan rage masa komai ba: cikin ɗan lokaci ya gano abin da yake nema.

Na ce, "Yaya, me za ka yi?"

"Abin da nake yi wa mota in makulli ya ƙi. Ka ga nan wutar ƙofofi take fita, nan take dawowa. In na haɗa su, inji zai ɗauka duk ƙofofi a rufe suke."

"Amma ba a rufe suke ba."

"Shi ya sani?"

"In akwatin ya bar hawa na biyar, me ya rage a bayan ƙofar Gwaggo?"

"Sai mutum ya tsaya a wurin."

"Wa?"

"Kai mana. Ka iya tsayuwa kana kallon ƙofa, tun safe kake yi." Ya feƙe bakin wayar da haƙori. "Uwarka na zaune a zaure kamar mai jiran sadaka, kai kana neman izinin silifa."

Maganar ta shige ni, domin na ga goshin Inna kamar yadda ya gani. Na ce, "To bari in sauka tukuna."

"Sauka. Ai ba za ta motsa ba sai an kira ta."

"Yaya, zaure cike yake da mutane, kowa ya zo sai ya danna."

Ban sani ba ko ya ji. Ya ɗora wayar don ya gwada tsawonta. Wani abu ya yi ƙas a cikin akwatin wutar.

Abin da ya taimake mu shi ne ƙofar ciki ba ta cikin abin da ya haɗa, kuma sai ta gama rufewa kafin inji ya tashi. Wannan ɗan jinkirin na samu. Ina kan matakala na ji gargaren ya fara juyawa. Da na iso hawa na biyar, ƙofar waje tana nan a buɗe yadda silifa ta riƙe ta, akwatin kuwa ya tafi. Babu fitila, babu farantai, sai duhu da igiyoyi suna gudu, da iska mai warin man inji tana busowa daga ƙasa.

Gwaggo ta fito daga gida ɗauke da faranti a gaban cikinta, irin babban nan da in ka ɗauka ba ka ganin ƙafarka. Fuskarta a juye take baya, tana gaya wa wata ta ƙaro gishiri. Hanyar da ta bi tun safe take bi. A bayanta akwai yara suna rarrafe a tsakanin takalman baƙi.

Na riga ta isa. Na tura ƙofar, silifa ta hana. Na shure ta, ta faɗa ramin, na sake tura ƙofar har na ji sakata ta faɗa. Ba a ji saukar silifar ba.

Gwaggo ta ce, "Ina takalmina? Ina abincin mutane? Wai kai yau me ke damunka?"

Na jingina da ƙofar ina haki. Na nuna mata gilashin. Ta leƙa. Ta daɗe tana leƙawa. Sannan ta ajiye farantin a hankali, ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta jawo ƙaramin yaron da ya fi kusa ta riƙe, ko da yake ba ta san ɗan wa ba ne.

Igiyoyin sun riga sun tsaya. Mai gadi ne: da ya ga gargare na juyawa, Yaya kuma bai cire wayar ba, wai tun da lifta ta tafi gara ta isa wurin Inna, sai ya kama babban makunnin wutar ya ja ƙasa. Akwatin ya tsaya tsakanin hawa na biyu da na ɗaya, da tuwon a ciki. Da na koma sama na tarar ya fito da Yaya waje ya sa kwaɗo.

Yaya yana nuna masa wayar a tafin hannu. "Ga ta, na cire. Ƙofofi duk a rufe. Ka mayar da wuta, za ta yi aiki kamar yadda take da safe."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na goyi bayansa. Na yi wa mai gadin bayani dalla-dalla, cewa tsarin ya koma yadda yake, cewa yanzu ne ma ya fi aminci tunda babu silifa. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Da safe babu wanda ya sa mata hannu. Yanzu akwai. Sai mai gyaranta ya zo ya duba."

"Yaushe?"

"Gobe Juma'a."

Yaya ya buɗe baki zai rantse, mai gadin ya ɗaga hannu. "Malam, rantsuwa ɗaya na karɓa a yau, ka ga inda ta kai mu. Abincin 'ya'yana yana jikin wannan makulli." Ya sa shi a aljihu ya sauka.

Inna na nan inda muka bar ta. Wani ya kawo mata ruwa. Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta dubi fitilar da ta mutu a saman ƙofa. Yaya ya durƙusa a gabanta ya ce akwai samari a rumfa, za su ɗauke ta a kan kujerar nan su hau da ita, a hankali, suna hutawa a kowane hawa.

Ta ce, "Ba za a ɗauke ni a kafaɗa ba ina da rai. Ranar tana zuwa, ku adana ƙarfinku."

"Inna, ba wanda zai ce komai."

"Auta za ta gani. Mai ɗanyen ɗinki ta ga an shigo da uwarta a ɗauke, me ka ce zai faru da cikinta?"

Aka bar zancen kujera.

Can sai ga Gwaggo ta sauko ta matakala, ba takalmi, jaririyar a ƙirjinta. Ta miƙa wa Inna. Inna ta buɗe zanen ta duba fuska da yatsu, ta yi addu'a, ta tofa. Amma tambayoyinta duk a kan uwar suke. Tana cin abinci? Idonta ya yi fari? Tana iya miƙewa da kanta? Wa ke gasa mata jiki? Gwaggo tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Inna ta ce, "Haka kuka ce mini a gida." Gwaggo ta ce wallahi haka ne. Inna ta ce, "To."

Aka aika sama a ce wa auta ta fito baranda. Muka riƙe Inna muka fita da ita titi, gefen rumfa, inda maza ke zaune suna tambayar abin da ya tsayar da abinci. Ta sa hannu ta kare rana ta ɗaga kai. Mata da yawa ne a barandar, kuma idon Inna ba ya kai nan.

Ta ce, "Wacce ce?"

"Mai farin mayafi, ta tsakiya. Tana ɗaga miki hannu."

"A tsaye take ko an riƙe ta?"

Na duba da kyau, domin na san za ta gane in na ƙara ko na rage. Na ce, "Ta dafa ƙarfe da hannu ɗaya. Babu wanda ya riƙe ta."

Inna ta ɗaga hannu wajen da na nuna mata, ta ɗan riƙe shi a sama, sannan ta ce a nemo tasi, rana ta yi.

Maza sun karya da wake da burodi daga kantin unguwa. Mai gyara ya zo ranar Asabar, ya duba, ya mayar da wuta, aka fitar da farantan aka zubar da abin da ke ciki. Inna ba ta ga auta ba sai bayan arba'in, da aka kawo ta gida Umdurman.